Wanda Ya Shigo da Kaya

Hannun da ya mutu ake fara zurawa, Gaynor ta san wannan sarai, amma yau rigar fatar ce ta ƙi. Ta bushe a cikin akwati ta yi tauri kamar ƙirgi, shi kuma mai ita ya ƙara jiki a zaune. Ta kama gwiwar hannun Murgy ta lanƙwasa, ta tura, ta finciko kafaɗar rigar, ƙusoshin da aka jera a wuyan suka karce mata yatsa.

"Kai ma ka taimaka mana. Ka wani zube kamar buhun dankali."

"Shirme," in ji Murgy.

Kalmar da ta rage masa ke nan. Tun da ciwo ya shanye masa ɓarin dama, duk maganar duniya ta zube ta bar masa wannan guda ɗaya. Da ita yake gaisuwa, da ita yake neman shayi, da ita yake amsa wa likita. Gaynor kan ce ciwon mugu ne amma ya iya zaɓe, don ko da bakin Clive Murgatroyd ke lafiya, rabin maganarsa ke nan.

Rigar ta shiga daga ƙarshe. Ta jiƙa sabulu ta shafa wa ɗan gashin da ya rage a tsakar kansa, ta murza shi sama. Da, zankonsa kore ne, sai ya sunkuya yake shiga mota. Yanzu siraran furfura ne suka miƙe suka sake kwanciya. Ta bar su haka, ta juya ga madubi ta rambaɗa wa kanta kwalli har gefen ido.

Wata ma'aikaciyar gidan jinyar ta leƙo. "Madam Gaynor, a dawo mana da shi kafin maganin yamma fa."

"In mun ga dama," ta ce, ta saki birkin keken guragun da yake zaune a kai.

Karnukan Masaƙa ne za su yi wasa a Leeds, karo na farko tun da suka watse. Samari huɗu ne 'yan Bradford waɗanda aka sallami iyayensu daga masaƙu, suka ɗauki jita ba su iya ba, suka yi ta ihu har aka fara saurarensu. Da kiɗan punk suka fara, daga baya muryar ta yi nauyi, kiɗan ya yi duhu, 'yan goth irin su Gaynor suka shigo da baƙaƙen kaya da fararen fuskoki. Ita da Murgy da wasu tsiraru suka mai da bin ƙungiyar sana'a. A tsaya bakin titi cikin ruwan sama a ɗaga babban yatsa har wani direban babbar mota ya ji tausayi. Yau Hull, gobe Carlisle, jibi wani gari da ba wanda ya san sunansa. A kwana a tashar jirgin ƙasa, a raba soyayyen dankali ƙunshi ɗaya mutum biyar. Ba ta taɓa ƙoshi ba a shekarun nan, kuma ba ta sake jin daɗi irin nasu ba. Wannan ne abin da ke ci mata rai kullum in tana kankare tukwane a kicin ɗin makarantar firamaren da take aiki.

Ba su taɓa sayen tikiti ba. Doka ce guda: wanda ya ɗauki kayan kiɗa ta ƙofar baya ya shiga kyauta, amma wanda ya shigo da kaya shi zai fitar da su in an tashi, komai gajiya, komai maye. Wanda ya sulale ya bar wa wasu, ya gama bin Karnuka. Murgy ne ke ɗaukar babbar ganga, kullum, ba mai taɓa masa ita.

Sai kuma yawu. 'Yan punk in kiɗa ya yi musu daɗi ba tafi suke yi ba, tofi suke yi. Mawaƙin da ya sauko daga dandamali a bushe ya ji kunya. Murgy kuwa gwani ne, daga tsakiyar cunkoso yake saita goshin Dez Rawnsley, mai waƙar, ya same shi. Har ciwon shawara Dez ya taɓa kwanciya da shi, ya tashi yana alfahari. Gaynor ta tsani abin nan tun ranar farko. Ta ɓata rabin yini tana tayar da gashinta da ruwan sukari, wani ƙazami ya lalata mata shi daga baya. Ba ta taɓa tofa wa kowa ba, kuma ta sha kwaɗa wa mutane mari a kai.

A bas mai hawa biyu ta tsaya kusa da keken a hawan ƙasa, inda take tsayawa kullum. Wasan da rana kata aka sa shi, wai don mutane su koma gida da wuri. Karnukan Masaƙa da rana! Ta yi tsaki har wata tsohuwa ta waiwayo.

Layin da suka tarar a ƙofar zauren ya ƙara mata haushi. Sanƙo da tumbi, tumbi da sanƙo, kowa cikin baƙar riga sabuwa fil mai ƙanshin shago. Wata ta yi wa sandar dogarawarta baƙin fenti. Wani ya zo da jika an toshe masa kunne da abin kare ƙara. Amma da aka daki jita ta cikin bango ana gwada kaya, sai ta ga hannun Murgy mai lafiya ya damƙe ƙarfen keken.

Zauren a saman bene yake, tsohon ɗakin taron ma'aikata ne. Ƙaton da ke tsaron ƙofa ya dubi tikitinta, ya dubi keken, ya sosa ƙeya.

"Mama, lif ɗin hawa benen ya lalace tun safe."

"To?"

"To ba hanyar hawa. Za a mayar miki da kuɗinki, ki je waccan tagar."

"Na ce maka kuɗi na zo karɓa? Ku kuka sayar min da tikitin masu keke."

"Na sani, Mama, ki yi haƙuri."

"Kar ka sake ce min Mama, ban haifi mai wuya irin naka ba. Ka kama gefe in kama gefe mu hau da shi."

"An hana mu ɗaukar mutum. Maganar inshora ce. In ya faɗi fa?"

"Mutumin nan ya faɗo daga saman lasifika a Sunderland ya tashi ya ci gaba da rawa, lokacin kana cikin zanin goyo."

"Shirme," in ji Murgy.

"Ka ji ko?"

Ƙaton ya miƙa hannu ga na bayanta. Mutanen layi suka shiga kallon wayoyinsu. Gaynor ta juya keken da ƙarfi har tayar ta taka ƙafar wani, ba ta ba shi haƙuri ba. Ta bi ta lungun da ke gefen ginin, don ba zauren da ba shi da ƙofar baya, kuma ita ta san ƙofofin baya na rabin ƙasar nan.

Matakalar ƙarfe ce doguwa. A gindinta mutum huɗu ke tsaye suna hira, kowa da kati a rataye a wuya. Ta gane su duk da shekarun da suka hau su. Ga tagwayen Priestley, ɗaya da abin ji a kunne. Ga Doguwa Maxine, ta rina gashi ja. Ga kuma Nigel Thackray, wanda a da yake shafa farar hoda har ana ce masa Fatalwa, yanzu yana sayar da kabad ɗin kicin a Harrogate. Shi ne shugaban zauren da tsofaffin mabiya suka buɗe a waya, inda ake ɗora tsofaffin hotuna ana kuka. Gaynor ta daɗe da ficewa daga ciki, bayan ta zage su tas.

"Gaynor Illingworth!" Nigel ya ware hannu. "Ke ce? Kai, ba ki canza..."

Idonsa ya sauka kan keken. Bakinsa ya tsaya a buɗe, fuskarsa ta koma kamar ya sake shafa hodar. Maxine ta dafe ƙirji ta ja da baya har ta bugi bango.

"Wane ne wannan?" in ji Nigel a hankali.

"Kakanka ne. Wane ne kuwa?"

"Amma ai Murgy ya... Gaynor, Murgy ya rasu."

Ta dubi Murgy, ta dubi Nigel. "Yaushe? Don ni na goge masa baki ɗazu, bai gaya min ba."

Maganar ta fito a guntattake, wannan ya kama wancan ya saki. Wani ne ya ga motar asibiti a ƙofar gidansa. Daga baya aka ga ana kwashe kayan ɗakin ana zubawa a bola. Aka rubuta a zauren waya, aka ɗora hotonsa da baƙar kyandir. Har zaman makoki suka yi masa a mashayar da ke kusa da tsohuwar kasuwa, mutum ya fi hamsin, an sha, an yi kuka, an rera waƙoƙin Karnuka.

"Wace mashaya?" ta tambaya. Suka faɗa mata. Ta yi wata dariya marar daɗi. "Daga can zuwa gadon da yake kwance, ko gurgu ba zai nemi mota ba. Kun yi makoki ba wanda ya tambayi ina kabarin? Ba wanda ya ce bari in kai fure?"

"Mun zaci dangi sun ƙone gawar a ɓoye..."

"Wane dangi? Mu ne danginsa, ɗan banza! Ni kaɗai nake zuwa, duk Lahadi, da gwiwar nan tawa. Ni nake yanke masa farce. Ku kuna can kuna manna hoton kyandir."

"Ai da kin faɗa mana," in ji ɗaya daga cikin tagwayen.

"Na faɗa! Tun satin da ya faɗi na rubuta muku, na ba ku sunan asibitin. Kuka turo min hoton zuciya, kuka koma gardamar wane faifai ya fi wane. Shi ya sa na fita."

Maxine ta durƙusa gaban keken, kwalli na gangaro mata. "Murgy, masoyi, ni ce Max. Ka gane ni?"

Ya dube ta da idon da ke buɗewa sosai. "Shirme," ya ce, amma a tausashe.

Nigel ya ja Gaynor gefe, ya rage murya. A nan ne ya faɗi abin da ba za ta taɓa yafe masa ba. Wai Dez ya yi wa Murgy waƙa sabuwa, yau za a fara rera ta, an shirya hotonsa a majigi, ana ɗaukar wasan a bidiyo. Wai ko za ta ɗan jira da shi a nan ƙasa har a gama, sai a shigar da shi ɗakin mawaƙa a natse, kada abin ya zo wa Dez a ba-zata a gaban mutane.

"Wato ya ci gaba da mutuwa har a gama waƙa."

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka kake nufi. Ya fi muku kyau a mace. Mataccen ba ya wari, ba ya dalalar da miyau, ba sai an hau bas an je ganinsa ba." Ta koma ta kama keken ta juya shi ya fuskanci matakala. "Mece ce doka, Fatalwa?"

"Wace doka?"

"Dokar ƙofar baya. Ko ita ma kun yi mata makoki?"

Tagwayen suka haɗa baki ba su shirya ba: "Wanda ya ɗauki kaya ya shiga."

"To ga kaya. Ya ɗauki gangar mutanen nan shekara da shekaru. Ku ɗauka."

Hawan nan abin kallo ne. Tagwaye a gaba, Nigel da Maxine a baya, Gaynor na biye tana zagi. Ɗaya yana kukan ƙugu, ɗaya yana cewa likita ya hana shi ɗaga abu mai nauyi. Sau biyu suna ajiyewa su huta. A saman matakalar, wani ma'aikaci ya tare su, Gaynor ta ce masa kayan ƙungiya ne, ta bangaje shi da kafaɗa. Murgy kuwa yana sama yana lilo, haɓarsa a ɗage kamar wanda aka naɗa.

An riga an fara. Ƙarar ta dake ta a ƙirji, kuma duk fushinta sai da ƙafarta ta motsa. Dez ya rina gashi baƙi wuluk, yana satar kallon wani allo a gindin ƙafarsa don kada ya manta baitin da shi ya rubuta. Amma muryar tana nan, shegiyar muryar tana nan. A gaba ba mai tsalle, ba mai ture wani. Wayoyi ne a sama reras, kowa na kallon wasan ta cikin tafin hannunsa. Nigel ya nuna mata wani lungu can baya da aka keɓe wa masu keke, ta yi kamar ba ta gani ba.

Bayan waƙoƙi kaɗan aka rage fitilu. Hoto ya bayyana a bangon baya: Murgy yana saurayi, koren zanko, baki a wage, ganga a kafaɗa. Zauren ya ɗauki wani irin nishi.

"Wannan ta ɗan'uwanmu ce da ya riga mu," in ji Dez. "Ba wanda ya taɓa jiƙa min fuska kamarsa. Da zan ba da komai in sake jin yawunsa a goshina, ko sau ɗaya."

Gaynor ta saki birki. Ta kutsa da keken cikin mutane, tana dukan agara da ƙarfen ƙafa, ana tsalle ana zaginta tana ramawa, har ta kai shi gaban dandamali, daidai ƙafar Dez. Shi kuwa ya rufe ido yana rera waƙar, hannu ɗaya a ƙirji.

Ta ga muƙamuƙin Murgy ya fara motsi. Ta san wannan motsin, ta sha gudunsa. Ya tara, ya ja kai baya iyakar yadda wuyan zai yarda, ya tofa. Yawun ya fito ta gefen bakin da ya karkace, ya sauka a haɓarsa, ya gangara kan rigar fata. Ya sake gwadawa, ko leɓe bai wuce ba. Sai ya runtse ido ya sunkuyar da kai, bai ce ko shirme ba.

Ta ji tausayinsa, ta ji kunyarsa, kuma ta ji wani fushi da ya fi duk na yau, fushin da ba ta san wa za ta ɗora wa ba. Ta tattara abin da ke bakinta, ta ɗaga kai, ta tofa, karo na farko a rayuwarta. Ba ta da saitin Murgy. A kunci ta same shi.

Dez ya buɗe ido a fusace, ya ɗaga hannu zai goge. Ya ga mace mai kwalli tana huci. Ya ga keken. Ya ga rigar, wadda shi da kansa ya yi wa rubutu a hannu da farin fenti a bayan wata mota a Carlisle. Waƙar ta mutu a bakinsa. Mai jita ya tsaya, mai ganga ya ɗan ci gaba shi kaɗai kafin ya ankara.

Dez ya durƙusa a bakin dandamali, gwiwoyinsa suka yi ƙara har ta cikin lasifika. "Murgy? Kai ne? Aka ce min..."

Abin maganar na hannunsa, dab da bakin Murgy. Murgy ya buɗe ido, ya dubi hotonsa a bango, ya dubi Dez.

"Shirme," ya ce, zauren duka ya ji.

Ihun da ya tashi har ƙasa ta girgiza. Dez bai goge kuncinsa ba har aka tashi. Waƙar makokin ba a ƙarasa ta ba, suka koma tsofaffin, masu sauri, har wasu masu tumbi suka ajiye waya suka ɗan yi ture-ture.

Da aka tashi sai aka yanyame keken. Kowa na son hoto da wanda ya dawo daga lahira. Kowa na cewa zai zo, lallai zai zo, wace rana ake ziyara? Dez ya rungume shi ya yi kuka, sannan aka zo aka ce masa mota na jira, gobe suna Glasgow. Gaynor na tsaye gefe tana kallon yadda wayoyin da suka yi masa makoki suke masa murna, kuma ba ta ga bambanci ba. Ta san alkawarin bayan wasa. Kafin Lahadi duk ya bi iska.

Su huɗun suka sauko da shi ta matakalar da suka hau. A ƙasa Nigel ya miƙe yana dafe da ƙugu, ya duba agogo. "To, Gaynor, yau kam an yi tarihi. Bari in kama hanya, matata na..."

"Doka rabi ka tuna?"

Ya tsaya.

"Wanda ya shigo da kaya shi ke mayar da su inda aka ɗauko. Ba a gindin bene ake zubarwa ba." Ta kama hannunsa ta ɗora a kan mariƙin keken. Ta faɗa musu sunan gidan jinyar da titin. "Ana ba shi magani kafin abincin yamma. Ba ya haɗiye ƙwaya sai a cikin madara mai kauri, kuma sai an zauna da shi. Ɗakin yana wari, za ku saba. In za ku cire rigar, hannu mai lafiya ake fara zarewa, mataccen daga ƙarshe. Kar ku ja, yana jin zafi ko da bai faɗa ba."

"Ke fa?" in ji Maxine.

"Ni ban ɗauki komai ba yau."

Ta sunkuya ta goge wa Murgy haɓa da bakin hannun rigarta. "Ka yarda, tsoho? In ba ka so, mu tafi tare." Bai dube ta ba. Hannunsa mai lafiya ya riga ya kai baya ya damƙe wuyan hannun Nigel, damƙar da ta sa Fatalwa ya yamutsa fuska.

Da bas ya zo ta nufi inda take tsayawa kullum, sannan ta tuna. Ta kama ƙarfe ta hau sama, gwiwa na ƙara, ta zauna a kujerar gaba. Ta taga ta hango su a bakin lungu, tsofaffi huɗu cikin baƙaƙen kaya sun kewaye motar Nigel suna gardamar yadda ake naɗe keke, Murgy na zaune a gaba da siraran gashinsa a miƙe. Bas ya sha kwana suka ɓace. Ta ɗora hannuwanta a cinya, ta rasa abin da za ta yi da su, bakinta kuma a bushe yake ƙamas.